Wa ya san shi?

Tambayar da ake yawan kai wa malamai a yau ita ce, shin ya halatta saurayi da budurwa su haɗu a waya, su daidaita, har magana ta kai ga aure? Masu amsawa sun rabu biyu: wasu na ganin salula ƙofar ɓarna ce da ya kamata a toshe, wasu kuma na cewa zamani ne, kuma zamani riga ne. A ganina duka ɓangarorin sun tsaya inda babu rigima. Wurin da mutum biyu suka fara haɗuwa bai taɓa zama rukunin aure ba, ko a bakin rijiya ne, ko a kasuwar Badagishiri, ko a cikin motar Tawa. Abin da shari'a ta tsare, al'adar Hausa ma ta tsare shi da nata salon, abu biyu ne: a san wanda za a ba wa 'ya, kuma jama'a su san an ba shi. Waya ta sauƙaƙa haɗuwa ƙwarai, amma ta raba haɗuwar da sanin, alhali a da tare suke zuwa. Wannan rabuwar ita ce matsalar, kuma a kanta ya kamata a yi hukunci.

Kafin a yi hukuncin, sai a dubi yadda abin yake a ƙasa. A Amurka, inda shafin Match.com ya fara aiki a 1995, Tinder kuma ya biyo baya a 2012, binciken Michael Rosenfeld na Jami'ar Stanford ya nuna cewa kusan kashi 39 cikin ɗari na maza da matan da suka haɗu a 2017 ta intanet suka san juna. A Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela ba irin waɗannan manhajoji ne ke aikin ba. Lambar waya ce da aka samu a hannun ƙawa, ko zauren WhatsApp na 'yan gari ɗaya, ko hoto a Facebook, ko bidiyon TikTok, sai kuma saƙon murya, wanda ya buɗe ƙofa har ga wanda bai yi boko ba. Kuma buƙatar gaskiya ce. Yankin nan na Adar ƙasar matafiya ce tun kaka da kakanni. Da an gama girbi samari sun kama hanyar Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya, wani ya yi rani ɗaya, wani ya shekara biyar bai ga gida ba. Saurayin da ke tura kura a Abijan ba shi da damar zuwa zance ƙofar gidan kowa a Tajaye. Ga kuma iyaka: Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato dangi ɗaya ne da aka raba da shinge, kuma shingen ya rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ya sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar har zuwa Maris na 2024. A waɗannan watanni waya ce ta riƙe zumunci da ciniki, ba mamaki ta riƙe neman aure ma. Sannan akwai wadda ba a cika ambata ba, wato bazawara. Ita ba ta fita dandali, ba ta talla, kuma idan aka gan ta tana yawan tsayuwa da maza sai bakin gari ya hau kanta. Wanda ya ce a rufe mata waya, ya kamata ya faɗi ta wace hanya mijin zai same ta.

Idan aka koma ga tarihin farkon Musulunci, za a ga an bar hanyar haɗuwa a buɗe fiye da yadda kunyarmu ta saba. Nana Khadija ce ta fara nuna sha'awar auren Manzon Allah (SAW), ta aika ƙawarta Nafisa ta sa baki. Sayyidina Umar, da 'yarsa Hafsa ta rasa miji, shi da kansa ya tunkari Usman sannan Abubakar da maganar. A cikin Suratul Ƙasas, haɗuwar Annabi Musa da 'ya'yan dattijon Madyana a bakin ruwa aka yi ta, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta yabi ƙarfinsa da amanarsa a gaban mahaifinta. Mugira ɗan Shu'uba kuwa, da ya zo wa Manzon Allah (SAW) da maganar neman aure, umartarsa aka yi ya je ya ga matar tukuna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna cewa sai ta hanya guda ake sanin juna. Amma a lura da abin da ya haɗa su. Khadija ta san wanda take so ta hanyar dukiyarta da ya yi fatauci da ita zuwa Sham, da kuma shaidar yaronta Maisara da ya yi tafiyar tare da shi. 'Yar dattijon Madyana aikin da ta gani da idonta ta yaba, kuma ba ta ɓoye maganar ba, gida ta kai ta. A kowane labari akwai wani abu da aka gani an aikata, kuma akwai mutum na uku.

Malamai suna kawo wani labari daga Sayyidina Umar da ya dace da nan. Wani ya zo ya tsaya wa wani shaida cewa mutumin kirki ne. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Da ya amsa a'a ga duka ukun, sai Umar ya ce ashe bai san shi ba. Ma'aunin nan ya fi ƙarfin zamani, domin ya ginu kan fahimtar yadda hali yake. Hali ba labari ba ne da mai shi ke bayarwa; abu ne da ke fita sa'ad da mutum ya gaji, ko ya ji yunwa, ko aka taɓa aljihunsa, ko ya ɗauka ba mai kallonsa. Tsohon tsarin neman aure a ƙasar Hausa yana samar da wannan sani ba tare da an wahala ba. Yarinya ta haɗu da saurayi a dandali ko ranar kasuwa, amma kafin ya kawo toshi an riga an san gonar ubansa, an san yadda yake yi wa uwarsa magana, an san ko yana biyan bashi, an san ko ana ganinsa a sahu da asuba. Ba wanda ya zauna ya yi bincike na musamman, zaman gari ɗaya ne ya yi aikin.

Waya kuwa magana kawai take ɗauka, da hoton da mai shi ya zaɓa. Ko da mutum ba maƙaryaci ba ne, abin da yake aikawa tacewa ce: yakan yi saƙon murya sa'ad da ransa ke fari, ya goge wanda bai yi daɗi ba, ya sake wani. Wata shida na irin wannan hira na iya sa yarinya ta rantse ta san shi ciki da bai, alhali ko sau ɗaya ba ta ga fushinsa ba. Abin da ya fi haɗari shi ne, yawan hirar yana haifar da shaƙuwa kafin sani ya zo, kuma idan shaƙuwa ta riga ta zauna, duk wanda ya kawo labari mara daɗi daga baya sai a ɗauke shi maƙiyi. Wannan a tsakanin masu gaskiya ke nan. Idan aka zo ga mayaudara, hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta ce a 2022 kaɗai mutum kusan 70,000 suka kai ƙarar an damfare su da sunan soyayya, asarar ta kai dala biliyan 1.3. A nan yankin kuɗin ba su kai haka ba, amma salon ɗaya ne: mai mata biyu a can ya ce shi tuzuru ne, ɗan dako ya ɗauki hoto a jikin motar maigidansa, wata ta riƙe samari huɗu kowa na turo kuɗin kati, wani ma namiji ne ya sa hoton mace. Yaudara ba sabuwa ba ce, tun da can akwai mai aron riga ya je zance. Bambancin shi ne a da mai rigar yana nan cikin gari, kuma gobe za a gan shi da ita.

Fataken albasa sun riga sun warware irin wannan matsala a nasu fagen. Albasar Galmi tana kaiwa Abijan, Akara da Kumasi, kuma yau da yawa daga cikin cinikin a waya ake ƙulla shi, tsakanin mutanen da wataƙila ba su taɓa musabaha ba. Duk da haka ba wanda ke loda buhu ɗari a mota don muryar mai saye ta yi masa daɗi. Akwai dillali a wannan gefe, akwai maigida a wancan, wanda ya san mai sayen, ya san rumfarsa, kuma idan kuɗi suka maƙale shi za a riƙe. Tsarin tsoho ne. Abner Cohen ya bayyana shi a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan da cinikinsu na shanu da goro. Waya ta ƙara wa cinikin sauri, amma ba ta kori mai tsayawa ba. Abin mamaki ne a ce mutumin da ba zai saki buhun albasa sai da wanda ya tsaya ba, ya saki zuciyarsa, ko ya bar 'yarsa ta saki tata, ga wanda ba mai iya nuna ƙofar gidansu.

Abu na biyu shi ne bayyanawa, kuma a nan mazhabar Malikiyya da ake bi a wannan ƙasa ta fi kowa tsanani. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san aure na buƙatar waliyyi, sadaki da shaidu biyu adalai. Malikawa sun ƙara da cewa ko shaidun sun halarta, idan aka yi musu wasiyyar su ɓoye, auren sirri ne, kuma ana raba shi. Ayar Suratul Baƙara da ta yi maganar matan da ke takaba ta ba da damar a yi ishara da nufin aure, amma ta hana ƙulla alkawari a ɓoye. Har a zamanin nan, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1990 ta amince a ƙulla ciniki ta wayar tarho da makamantanta, amma ta cire aure daga ciki saboda sharaɗin shaidu. Hausawa ba su taɓa samun cikas da nisa ba, domin a ɗaurin aurenmu ango da amarya ba sa ma zama a wurin. Wakilai ne ke nema da bayarwa, a raba goro, sanƙira ya ɗaga murya kowa ya ji. Ɗan cin rani a Tiripoli ana iya ɗaura masa aure a Dogarawa ba tare da an karya ko sharaɗi ɗaya ba. Hikimar wannan hayaniya ta fi bayyana idan aka dubi abin da ke faruwa inda babu ita, kuma yankin nan ya ga misali mai ɗaci. Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana 'yar shekara 12 a kan sefa 240,000, ta yi shekaru a matsayin wahaya, wato baiwar da ake zama da ita kamar mata: ba sadaki, ba waliyyi, ba ɗaurin aure, saboda haka ba ta da haƙƙin da za ta nema a matsayin mata. Shari'arta ta faro daga kotunan Ƙonni, ta ƙare a kotun ECOWAS, wadda a ranar 27 ga Oktoban 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta kuma ba da umarnin a biya ta sefa miliyan 10. Ba ina daidaita bauta da hirar waya ba ne, nesa ba kusa ba. Abin lura dai shi ne, duk alaƙar da jama'a ba su shaida ba, ranar da ta lalace mai rauni a cikinta ne ke kwasar asara, kuma galibi mace ce.

Masu tsanantawa za su ce to ai ga hujja nan, a hana kawai. Suna kafa dalili da hadisin da ya hana namiji keɓewa da macen da ba muharramarsa ba, suna cewa hirar dare a waya keɓewa ce. A ma'anar da malaman fiƙihu suka sani, keɓewa ta jiki ce, a wuri guda da ba mai shigowa. Amma ba za a musa ba cewa dalilin hanin yana nan a cikin hirar da ba mai ji, kuma hotunan da ake aikawa cikin amana su bazu bayan an ɓata sun isa shaida, duk da akwai dokar laifukan intanet ta 2019 a Nijar. Sai dai hanin ba ya kai wa ga abin da masu shi ke so. Uban da ya ƙwace wayar 'yarsa bai kashe hirar ba, ya mayar da ita wayar ƙawa ne, inda ko uwa ba za ta ji ƙamshinta ba. Wanda kuma ya kori mai nema don kawai an ce a Facebook aka haɗu, ya koya wa sauran 'ya'yansa su riƙa ƙirƙiro labarin haɗuwa a gidan biki. Ƙa'idar toshe hanyar ɓarna, wadda Malikawa suka shahara da ita, ana amfani da ita ne inda toshewar za ta rage ɓarnar. Idan toshewar ita ke tura mutane ga sirri, wanda shi ne ainihin abin gudu, to ta juya ta ci maƙasudinta.

Sukar da ta fi nauyi daga wajen matasa take fitowa, kuma ba ta kamata a yi mata amsar raini ba. Suna cewa wannan tsohon tsari da ake yabo, ai shi ne ya haifi auren dole. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, kuma dokar ƙasa kanta ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji. Suna ƙarawa da cewa binciken da iyaye ke yi sau da yawa ba na hali ba ne, na asali ne da aljihu: ɗan maƙera ne, ɗan mahauta ne, kakansa bawa ne, ba ɗan gari ba ne. A waya kuwa, in ji su, a karon farko yarinya ta samu wanda ya saurare ta ita kanta. Gaskiya ne, kuma duk mai kare matsayin waliyyi sai ya fara da amincewa da wannan. Amma abin da sukar ta rushe shi ne mugun amfani da waliccin. Khansa'u 'yar Khizam, da mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba tana bazawara, ta kai ƙara, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Labarin yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari. Dacewar miji a wajen Malikawa kuwa a kan addini take da kuɓuta daga aibin da ke hana zama, ba a kan sana'ar kaka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi, ya yi kakkausar suka a Nurul Albab ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Yarinyar da ta san fiƙihun aure ita ce ba a tilasta mata cikin sauƙi, ita ce kuma ba wanda zai ruɗe ta da cewa su yi alkawari tsakaninsu da Allah tukuna, iyaye sa ji daga baya. Saboda haka rabon aiki ne ya kamata ya sauya: zaɓi na masu zaman ne, bincike na waliyyi ne. Waliyyin da ya ƙi wanda aka tabbatar da addininsa da halinsa ba tare da dalili ba, a shari'a alƙali na iya karɓe waliccin daga hannunsa.

Wani zai ce bincike ma ba ya hana mutuwar aure, ga 'yan unguwa ɗaya nan ana saki kullum. Haka ne, sani ba ya lamunce zaman lafiya. Yana rage yaudara ne kawai, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai akwai wata cuta tamu da ke kashe amfanin binciken, wato amsar nan ta “ba mu san shi da komai ba sai alheri”, wadda ake ba kowa ko da an san mutumin yana shaye-shaye ko ya kori mata uku da duka. Ana kiran wannan rufin asiri, alhali cin amana ne. Fatima 'yar Ƙaisu ta je neman shawara wajen Manzon Allah (SAW) kan maza biyu da ke nemanta, Mu'awiya da Abu Jahm, aka gaya mata ƙarara cewa ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuma ba ya ajiye sanda, aka nuna mata Usama ɗan Zaidu. Imam Nawawi ya lissafa shawarar aure cikin wuraren da faɗin aibin mutum ba giba ba ne. Idan maƙwabta ba za su faɗi gaskiya ba, to bambancin ɗan unguwa da baƙon waya ya ragu ƙwarai.

Abin da ya sauƙaƙa maganar shi ne, wayar da ta kawo baƙon ita ce za ta iya tona shi. Da wuya a samu garin Adar da ba shi da mutanensa a zangon Abijan ko Akara, da babba a cikinsu wanda ya san wane ne ke kwana ina, wa ke sana'a, wa ya bar iyali a wani gari. Kira biyu ko uku sun isa kawu ya samu amsar tambayoyin Umar guda uku. Ko manhajar Muzz, da aka kafa a Landan a 2015 don Musulmi masu neman aure, ta sa hanyar da waliyyi zai riƙa ganin hirar. Jihar Kano kuma, tun auren zawarawa na 2012 ta sa gwajin lafiya cikin sharuɗɗa, a 2024 ta mayar da shi doka ga duk masu shirin aure. Asibitin Galmi da na Ƙonni ba su yi wa kowa nisa ba a wannan yanki. Ma'aunin da yarinya ko bazawara za ta riƙe mai sauƙi ne: wanda aka ce ya turo magabatansa, ko ya ba da lambar wani dattijo da ya san shi, sai ya fara kwana-kwana, ya riga ya ba da amsa. Haka shi ma saurayin da ke aika kuɗi ta kamfanin Nita duk wata ga wadda ba ta yarda 'yar uwarsa ta je ta gan ta ba.

Amma wannan ma'auni ba zai yi aiki ba sai idan gida ya buɗe ƙofa. Yarinya ba za ta kawo maganar wanda ta haɗu da shi a waya ba idan ta san tsawa ce za ta tarbe ta, kuma saurayi ba zai yi saurin turo magabata ba idan ya san jerin akwatunan da za a ɗora masa sun fi abin da ya tara a rani uku, alhali mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne. Kirana ga iyaye maza da kawunai na Ƙonni, Malbaza da Illela shi ne, ranar da 'yarku ta ce akwai wani, ku bar tambayar ina suka haɗu. Ku tambayi sunan garinsu, da sunan wanda ya san shi, sannan ku ɗauki waya ku kira.